Fangalin Adama da Nawa

Lahadi, 10 ga Nuwamba, 2024

Yau an sauke ni daga shugabancin ƙungiyar lambu. Na rubuta shi ƙarara don kada gobe zuciyata ta fara sassauta zancen.

Shekara shida ke nan da na tara matan unguwarmu nan Kurfi, muka roƙi kangon fili, muka kewaye shi da kara, aka gina mana rijiya. Ni na koya masu renon iri da dashe, kamar yadda na koyar da 'ya'yansu karatu kafin in ajiye aiki. Yau kuwa, gaban mata ashirin da uku, gaban Madam Veronica malamar gonar da ke zuwa mana daga Dutsin-Ma, Hajiya Adama ta miƙe ta gyara mayafi ta ce, "Bara Malama Sauda ta kashe mana iri da taurin kanta. Bana mu shuka kai tsaye yadda iyayenmu ke yi, mu huta da wannan dashen."

Adama. Wadda muka yi shekara ashirin muna cin tuwo a kwano ɗaya.

Ta fi kowa sanin yadda irin ya mutu. Kwana goma sha biyu na yi a asibiti a Katsina ina jinyar Inna. Na bar mata mabuɗin lambu da garwar ban ruwa, ta ce in tafi hankali kwance. Inna ta rasu. Da aka yi bakwai na leƙa lambu, na tarar da wurin renon ya bushe ƙurmus. Ban tambaye ta ba, ina cikin makoki. Da mata suka yi ta gunaguni na yi shiru na ɗauki laifin don in rufa mata asiri. Ga sakayyata.

Aka ɗaga hannu. Goma sha bakwai nata. Har da Fatu, wadda na ba fangali biyu lokacin da mijinta ya rasu ya bar ta da marayu huɗu. Ta ɗaga nata tana kallon ƙasa.

Na sa takalmana na fito.

Litinin, 11 ga Nuwamba

Maigidana Malam ya ce in bar wa Allah. Na ce na bar maSa, amma ina so a yi hukuncin ina da rai.

Laraba, 13 ga Nuwamba

Na je Dutsin-Ma na sayo irin tumatir, daidai wanda ƙungiya ta saya, da na karas. Na biya ta ofishin su Madam Veronica. Na gaya mata zan yi gwaji a bayan ɗakina: fangali biyu, iri ɗaya, rana ɗaya, ɗaya shuka kai tsaye, ɗaya dashe. Ta yi murna, ta ce abin da ta daɗe tana so wani ya yi ke nan, za ta zo ta gani, kuma in ya yi kyau in yi wa ƙungiya bayani a taron Fabrairu.

Ita tana ganin ilimi nake nema. Taron Fabrairu nake nema.

Alhamis, 14 ga Nuwamba

Na shuka. Fangalin da ke jikin katanga na yafa masa iri kai tsaye, na sa masa suna Adama. Nawa irin yana cikin tsohon baho da na huda gindinsa, ƙasa da kashin awaki da ɗan rairayi, na rufe da ciyawa. Karas ma haka, rabi can rabi nan.

Abu na farko da zan faɗa a taro: fangalin Adama ya cinye kashi uku cikin huɗu na irin. Nawa cokali guda bai cika ba.

Alhamis, 21 ga Nuwamba

Duk sun tsiro. Adama ta fito cunkus, wani wuri kamar gashin kai, wani wuri sanƙo. Ƙadangaru sun yi mata aski a gefe guda. Na tsaya ina kallonsu, ban kore su ba.

Talata, 26 ga Nuwamba

Malam yana alwala a bakin rijiya ina ban ruwa. Bai ɗago kai ba ya ce, "Sauda, garwa biyu kika zuba wa baho, wancan babban fangalin rabin garwa. Haka ake gwajin?"

Na ce ai shi ɗinki ya sani, ya tsaya ga kekensa. Ya yi dariya ya tafi masallaci.

Na yini ina jin haushi. Ba don ya yi ƙarya ba. In na ci ta da zamba Madam Veronica za ta gane, ƙasar za ta nuna. Kuma ni ina so in kayar da Adama da ƙafafunta biyu a ƙasa, ba ta da ta cewa. Daga yau ruwa daidai, taki daidai. Na ɗaura tsummoki a kan sanda saboda ƙadangaru.

Talata, 3 ga Disamba

Awa biyu a durƙushe ina rage wa Adama cunkoso ina cire mata ciyawa. Gwiwata ta kumbura. Ko a bayan ɗakina ni ke yi mata wahala.

Mun haɗu da Adamar ainihi a gidan suna. Ta ce, "Malama, ina wuni, kwana biyu." Na ce lafiya lau, na juya ina gaisawa da wadda ban ma sani ba. An ce ta yi sabon littafin sunaye, ta sa an canza kwaɗon ƙofar lambu. Kwaɗon da na saya da hannuna.

Alhamis, 12 ga Disamba

Na yi dashe bayan la'asar. Tushe arba'in, kowane da ƙasarsa a saiwa, tazarar kamu biyu. Layi kamar 'yan aji ɗaya ranar bikin makaranta. Karas ɗin ma na dasa, ko da yake Madam Veronica ta taɓa cewa ba a dasa shi. Ban ga dalili ba.

Asabar, 14 ga Disamba

Nawa sun kwanta. Duk sun yi yaushi kamar an zuba masu ruwan zafi. Na san haka suke yi, shekara nawa ina gaya wa mata kada su tsorata. Amma ga Adama can jikin katanga tsaye ƙyam, kore shar, har ta kai mani rabin ƙwauri.

Ban ci abincin rana ba.

Talata, 17 ga Disamba

Sun miƙe. Huɗu sun mutu, na maye gurbinsu.

Juma'a, 27 ga Disamba

Ɗiyata Aisha Humaira ta zo hutu daga makaranta. Ta ji ina cewa bari in je in shayar da Adama, ta tsaya da kwano a hannu tana kallona. Da na yi mata bayani ba ta yi dariya ba. Ta ce Hajiya Adama ce fa ta yi mata kitson sallah tun tana goye har ta shiga sakandare. Na ce na sani, ni na riƙa kai ta. Ta ce to mi zai hana in je gidanta in tambaye ta ido da ido.

Don a cikin ɗaki za ta ba ni haƙuri, ni kuwa a gaban mutane aka ci mani mutunci. A inda aka yi a nan za a biya.

Litinin, 6 ga Janairu, 2025

Adama ta yi fure. Nawa ko alama.

Na zauna na tuna: ita ba a taɓa tumɓuke ta ba, ba ta yi jinyar kwana biyar ba. Dole ta riga. Wannan ba zan faɗa a taro ba sai in an tambaya.

Laraba, 15 ga Janairu

Nawa ma sun yi fure, kuma ko makaho ya shafa zai san bambanci. Kararsu ta yi kaurin babban yatsa, rassa ko'ina, iska na ratsa su. Na Adama dogaye ne sirara, duk da ragewar da na yi masu, suna jingina da juna. Na ƙirga furen tushe biyar-biyar. Nawa sun ninka.

Na yi wa Malam miyar taushe da nama, bai san dalili ba.

Talata, 28 ga Janairu

Madam Veronica ta zo a bayan mashin. Ta cire takalmi ta shiga tsakanin fangalin, ta ɗauki hotuna, ta karanta abin da na rubuta na ranaku da ƙirge. Wannan littafin ban ba ta ba, na kwafe mata a wata takarda. Hausarta ta Dutsin-Ma ce tsaf, shekara goma sha ɗaya ta yi a can.

Ta nemi izini ta tumɓuke tushe ɗaya-ɗaya. Nawa saiwarsa ta bazu kamar tsintsiya, amma a sama-sama. Na Adama saiwa ɗaya ce doguwa ta nutse can ƙasa, sai da ta sa wuƙa. Ta ce in ruwa ya yi ƙaranci wannan zai fi jurewa. Na ce ruwa bai yi ƙaranci ba.

Sai ta ja karas. Na fangalin Adama miƙaƙƙe, sumul. Nawa na dashe ya fito da ƙafafu uku a murɗe kamar mai ciwon ciki. Ta ja wani, ya fi na farko muni. Ta yi dariya har da riƙe katanga, ta ce, "Malama, wannan kam Hajiya ta ci ki."

Wato ta san sunan fangalin. Humaira ce, ko Malam.

Kafin ta tafi ta ce zafi ya kusa, mu sa ido kan tsutsar nan da 'yan lambu ke kira sharon, mai shiga cikin ganye ta bar farin zane. Ta ce kwana kaɗan take gama lambu. Za ta tafi kwas Kaduna na sati biyu, sai ranar taro za mu gan ta.

Alhamis, 6 ga Fabrairu

Na je lambun ƙungiya karɓo garwata, rabona da shi wata uku. Na zaɓi hantsi don na san Adama ba ta nan. Fatu kaɗai na tarar, ta rasa inda za ta sa kanta, sai gaisuwa take ta maimaitawa. Ta tafi rumfa ɗauko garwar.

Ba su rage shukar ba. Ko'ina cunkus, ganye kan ganye, ba inda iska za ta bi. Na duƙa a bakin fangalin Fatu na juya ganye ɗaya. Farin zane, a murɗe kamar rubutun yaro. Na juya na biyu. Na uku na matse, ga 'yar tsutsar a ciki. Fangalin Adama yana kusa, na leƙa, akwai amma kaɗan.

Fatu ta dawo ta ce, "Yaya Sauda, ya kika ga lambun?"

Na ce ya yi kore.

Juma'a, 7 ga Fabrairu

Na daka ganyen darbejiya da ƙwallonsa na jiƙa, na fesa wa nawa duka biyun. Na tsinke duk ganyen da ban yarda da shi ba na ƙone.

Suna da shugaba. Ita ta ce ta fi ni sani. Aikin shugaba ne juya ganye.

Laraba, 12 ga Fabrairu

Tsinka ta biyu. Adama ta riga ni nuna da kwana shida, ta ba da kwano huɗu, ƙanana. Nawa kwano bakwai, manya, kuma yanzu suka fara. Na jera su a faranti biyu na yi ta kallo. Na yi gwajin maganata a gaban madubi, har inda zan tsaya in yi shiru.

Lahadi, 16 ga Fabrairu

An yi.

A zauren gidan mai unguwa aka yi taron. Na kai faranti biyu lulluɓe. Madam Veronica ta iso kai tsaye daga tasha, ba ta biya lambu ba. Ta gabatar da ni, na buɗe farantan, mata suka yi ta salati. Na faɗi irin da kowane ya ci, da awannin cire ciyawa, da ƙirgen kwano. Karas ban kawo ba. Madam Veronica ce ta tuna da shi, aka yi dariya, na bari ta wuce.

Sannan na ce akwai gwaji ɗaya da aka yi bara wanda ba a rubuta ba: kwana nawa iri ke yi ba ruwa kafin ya mutu. Na ce ni ban sani ba, ina Katsina ina juya mahaifiyata a kan gado. Na ce a tambayi wadda mabuɗi ke hannunta.

Na yi tsammanin za ta musa, na tanadi amsa uku. Na yi tsammanin za ta ce ciwo ta yi, ko baƙi, na tanadi wannan ma.

Ba ta tashi ba. Daga zaune ta ce, "Mantawa na yi. Kwana huɗu, muna hidimar bikin ƙanwata. Da na je na ga sun bushe na ji kunyar faɗa maki, kina cikin rashi. Da mata suka ɗora maki na ji sauƙi na yi shiru. Daga baya kuma ganinki ma ya zame mani nauyi."

Shi ke nan. Ba kuka, ba rantsuwa. Ta ciro mabuɗin daga bakin zanenta ta ajiye kan tabarma, ta fita. Wata ta ce a mayar da Malama Sauda, aka yi ta ɗaga hannu. Na ce sai na yi shawara. Mabuɗin na wurin Madam Veronica.

Wata uku ina dafa wannan ranar.

Litinin, 17 ga Fabrairu

Malam ya tambaya ko na huce. Na ce ƙwarai. Ya ce to mi ya sa na zuba gishiri a kunu.

Juma'a, 21 ga Fabrairu

Fatu ta zo da hantsi da reshen tumatir a hannu. Ganyen ya ƙone kamar an bi shi da wuta, 'ya'yan duk huji. Ta ce cikin kwana biyar abin ya gama da fangalinta biyu, ya shiga na sauran. Madam Veronica ta je jiya, ta ce da an gani sati biyu da suka wuce da an ceci fiye da rabi. Fatu ta ce da wannan tumatirin ta yi niyyar shiga azumi, ta busar da wani, ta yi wa yara miya har sallah.

Ba kuka ta zo yi ba. Ta zauna bakin tabarma tana juya reshen, can ta ce, "Yaya Sauda, ranar da kika zo karɓar garwa na hango ki kin duƙa. Ba ki ga komai ba?"

Na ce ban lura ba.

Ta ce to. Ta ce dama ta san da na gani da na faɗa.

Na cika mata kwano da tumatirina. Ta karɓa ta yi godiya har ƙasa. Da ta ƙi karɓa da ya fi mani sauƙi.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Fatu ma ai ta ɗaga wa Adama hannu ranar da aka sauke ni. Na goma sha ɗaya, na ƙirga.

Na rubuta wannan na karanta shi sau uku, bai yi mani aikin komai ba.

Litinin, 24 ga Fabrairu

Na je gidan Fatu bayan azahar. Tana tankaɗe. Ban zauna ba, na ce mata na gani. Na ce ganye uku na juya, har tsutsar na matse da yatsana, na yi shiru don ina so lambun ya lalace a hannun Adama.

Ta daɗe ba ta ajiye rariyar ba. Ta ce ai fangalin nata ne ba na Hajiya ba. Na ce na sani. Ta ce Allah Ya kyauta, ta ci gaba da tankaɗenta. Ba ta raka ni ƙofa ba, karo na farko.

Laraba, 26 ga Fabrairu

Na kira Madam Veronica jiya. Ta ce tumatirin ya tafi, a tumɓuke a ƙone. Abin da zai yi saurin da za a ci cikin azumi alayyahu ne, sai kuɓewa daga baya tunda zafi ya shigo. Na tambaya ko za a rene su a dasa. Ta ce kuɓewa ba ta son a taɓa mata saiwa, alayyahun ma in sauri ake so yafawa za a yi. Ina jin murmushinta ta cikin waya. Ta aiko mani da mabuɗi da iri.

Na je da sassafe, saboda Fatu kawai. Muka tumɓuke nata muka tara. Mun fara gyara ƙasa sai ga Adama da fartanya, ta rame. Ta yi sallama, Fatu ta amsa, ni na amsa a ciki. Ta tafi nata fangalin.

Na ɗebi irin alayyahu na fara yafi. Ya zube mani wuri guda kamar an kifar da gishiri. Na sake, haka. Fatu ta dube ni, ta dubi can wajen Adama. Iri kaɗan ne, in na ɓata shi ba wani.

Na ce, "Adama, zo ki yafa wannan."

Ta zo. Ta cakuɗa irin da rairayi a tafin hannu, ta bi fangalin da baya tana watsawa, ko'ina daidai kamar an auna. Ni na bi ta da garwa. Fangali biyu, ba mu haɗa ido ba. Da muka gama ta ce sannu da aiki, Malama. Na ce yauwa.

Ban yafe mata ba. Fatu ma ba ta ce ta yafe mani ba. Kuɓewa ta rage, da fangalin sauran mata. Na ce masu gobe ƙarfe bakwai daidai, kuma Adama ta zo da rairayi mai laushi, na yau akwai tsakuwa.